Ranar da Tambulan Ya Zo Gabana

Masu turo min saƙo kuna cewa, "Noemi, ki yi haƙuri, uwar miji ai uwa ce," don Allah ku dakata. Ku bari in ba ku labarin abin da ya faru jiya Lahadi a tsakar gidanmu, in kun gama ji sai ku dawo ku ba ni haƙurin. Rigar da na sa tana nan rataye a bayan ƙofa, ko wanke ta ban yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, 'yar garin Tayabas ce ni, kudu da Manila, tela ce, kuma mashayiya ce. E, kun karanta daidai. Tatay, mahaifina, sana'arsa lambanog, giyar da ake tatsowa daga furen kwakwa. Kullum da sassafe yana can sama a kan gadojin gora da ya ɗaure tsakanin bishiyoyi, yana sauke ruwan da ya taru. Ina 'yar shekara sha shida ya gano harshena ya fi nasa. Duk tukunyar da aka dafa sai ya ƙwala min kira, "Noemi, zo ki ɗanɗana!" In na ce ta yi, to ta yi. Har alfahari yake da ni a gaban masu saye.

Daga ɗanɗano aka koma kurɓa, daga kurɓa aka koma gora. Lambanog fara ce tas kamar ruwa, sai in cika gorar ruwan sha in ajiye a gefen keken ɗinkina. Ina ɗinka kayan 'yan makaranta ina kurɓa, maƙwabta na yaba yadda nake kula da shan ruwa.

Nanay, mahaifiyata, ta sani. Wata rana ta ɗauki gorar za ta haɗiye maganin hawan jininta, ta furzar har kan yadin mutane. Na ɗauka za ta dake ni, ko ta rungume ni ta yi kuka. Ina! Goge bakinta ta yi da gefen zani ta ce, "Ki yi sauri ki auri yaron nan kafin a sansano ki."

Yaron shi ne Arnel, malamin lissafi a wata sakandare a Lucban. Dogo ne, mai sanyin magana, yana da tabo a girarsa ta hagu wanda ya ce ya samo shi yana jariri, wai igiyar shimfiɗarsa ce ta tsinke. Ranar Lahadi kawai yake zuwa, ni kuma Lahadi nakan daure har ya tafi, bakina cike da alawar minti. Shekara biyu muna tare bai taɓa zargin komai ba. Ina son sa, wallahi ina son sa, kada wani ya ce min wai don in tsira nake bin sa.

Abin da ya sa na nemi taimako allura ce. Ta shige min ɗan yatsa ta ɓulla, ban ji komai ba sai da na ga jini ya ɓata farar rigar wata 'yar aji ɗaya. Na shiga banɗaki na kulle, na ɗauko waya da hannu ɗaya na fara neman inda masu son daina sha suke taruwa.

Ku da kuke zaune a manyan birane ba ku san wahalar nan ba. Jerin da na samu kusan duk na Manila ne. Lamba ta farko ba ta shiga. Ta biyu wani mutum ya ɗaga ya ce shi kifi yake sayarwa. Na yi tunanin tambayar ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu, sai na tuna ƙawar Nanay ce, kuma abin da ta ji da safe kafin azahar ya kai kasuwa. Akwai taro a Lucena, amma rabin mutanen garinmu can suke cefane. Lamba ta biyar ce, ta San Pablo, aka amsa min da saƙo:

"Asabar, tara na safe. Ɗakin ajiye kujeru a bayan ƙaramin coci, kusa da tashar bas. Ba sai kin faɗi sunan gidanku ba. Ki dai zo."

Na ce wa Nanay zan je sayen zare mai rahusa. Motar hayar da muke kira jifni ɗaya, bas ɗaya, kusan awa biyu a hanya, duk don kada in haɗu da idon sani. Da na isa ma ƙofar da na fara buɗewa ta masu koyon waƙar coci ce, har wata ta miƙo min takarda ta ce in tsaya a layin masu siririyar murya. Na fito da baya da baya ina ba da haƙuri.

Ɗakin gaskiyan ƙarami ne, fitilun Kirsimeti na bara jibge a kusurwa, fanka ɗaya tana kuka. Mutum tara a da'ira. Wani tsoho mai tuƙa keke mai ƙafa uku, Mang Doroy, ya tura min kujera da ƙafarsa.

"Zauna, 'yata. Nan ba likita, ba limamin coci, duk majinyata ne. Wancan mai ƙaton tumbin ya fi kowa ƙarya, kada ki saurare shi."

"Kai dai ka ji da haƙoranka biyu," in ji mai tumbin, aka kwashe da dariya.

Har na fara sakin jiki. Sai matar da ke zuba gahawa ta juyo da kofi a hannu. Farar riga mai guga, gashi a ɗaure tsaf, ƙaramin gicciyen zinariya a wuya. Aling Pacita ce, mahaifiyar Arnel. Tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda take jan addu'a a gaban jerin gwanon coci a Lucban, wadda sau uku na ci abinci a teburinta ina tsoron cokalina ya yi ƙara. Ita ma ta tsallake garuruwa don kada ta haɗu da idon sani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ko kofin bai girgiza a hannunta ba. Ta miƙo min ta ce, "Sunana Cita. Abin da ido ya gani a ɗakin nan, a nan yake kwana."

A taron, duk wanda zai yi magana sai ya fara da faɗin sunansa da abin da yake. Da layi ya zo kaina na ce, "Sunana Noemi, ni mashayiya ce." Duka ɗakin suka amsa, "Sannu, Noemi." Ban san kalma biyu za su iya sa babba kuka haka ba. Wadda ta miƙo min hankici ita ce.

Asabar goma sha uku na yi ina zuwa. A gida na ce likita ya ce ina da gyambon ciki, Tatay ya yi ta mita ya koma ɗanɗana kayansa da kansa. A ɗakin nan ina kiranta Ate Cita, kamar yayata. Ranar da jikina ya yi ta karkarwa a kan keken ɗinki ita na kira, ta zauna a waya da ni minti arba'in tana cewa, "Ba har abada ba, yau kawai. Ki kai faɗuwar rana." Ta san duk abin kunyar da na taɓa yi. Ni ma na san nata. Shekara tara rabonta da sha, kafin nan kuma ta yi shekara ashirin tana sha a ɓoye, mijinta marigayi yana ce wa yara, "Nanay ɗinku na ciwon kai, kada ku shiga." Kuma a Asabar ta shida, idonta a kan fanka, ta ba da labarin ranar da ɗanta na fari, yana wata bakwai, ya suɓuce daga hannunta ya bugi bakin matakala. Babu igiyar da ta tsinke.

Makonni uku da suka wuce Arnel ya ce danginsa za su zo neman aurena. Asabar ɗin da ta biyo baya Ate Cita ta tare ni a bayan coci muna wanke kofuna.

"Ki faɗa masa."

"Zan faɗa. Bari in ƙara ƙarfi tukuna."

"Noemi, a cikin ɗakin can ke ƙanwata ce, zan iya ba ki jinina. A waje ni uwar Arnel ce. Wata uku ba komai ba ne. Ni na yi wata uku sau bakwai kafin ta zauna."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ke kin faɗa masa?"

Ta kife kofin hannunta a hankali, ta goge hannu, ta ɗauki jakarta. Ta yi tafiyarta.

Jiya kwanana casa'in da huɗu. Tun asuba Nanay take tsaye a kaina. Ta fito da labulen da ba a ratayawa sai Kirsimeti, ta sa an ja teburi biyu ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta shimfiɗa farin leshin kakata. Na sa riga ruwan hoda mai dogon hannu wadda na ɗinka da kaina, da 'yan kunnen lu'ulu'u na Nanay. Tana ɗaura min su tana magana ta cikin haƙora.

"Ki yi murmushi. Duk abin da aka ce ki ce to. In kika kunyata ni yau, Noemi, ki nemi wata uwar."

Wayata ta yi ƙara. Arnel ne: "Mun taso. Kawu Berting ya sa turare kamar shi ne angon, mun kusa shaƙewa a mota." Na tura masa dariya. Na buɗe sunan Ate Cita na rubuta, "Tsoro nake ji." Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Sun iso wajen ƙarfe ɗaya, mutum shida, ɗauke da abinci kamar yadda aka saba: taliya a ganyen ayaba, kaza da madarar kwakwa, tsiren alade irin na garinsu. Na durƙusa na kama hannun Aling Pacita na kai goshina.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ta ce, kamar yau ne karo na huɗu da ta taɓa ganina.

An ci, an yi raha. Kawu Berting ya yi jawabin neman aure, ya yi tsawo har Tatay ya ce masa, "Malam, in ka ƙara minti biyar sai dai ka nemi auren jikata." Aka tsayar da watan Mayu. Arnel ya kalle ni ta ƙasan ido, na ji kamar in tashi sama. Na ce a raina, shi ke nan, na tsallake.

Sai Tatay ya shiga ɗaki ya fito rungume da tulu.

Na san tulun. Lambanog ce da ya jiƙa da zabibi ya rufe da kakin zuma tun shekarar da na gama sakandare, ya ce ba za a buɗe ba sai ranar da aka zo neman aurena. Yana fasa kakin ƙamshin ya taso, bakina ya cika da miyau tun kafin hankalina ya ce a'a. Na tsani jikina a lokacin.

A wajenmu ba a raba wa kowa kofinsa. Tambulan ɗaya ne, mai gida ya zuba, ya zagaya hannu zuwa hannu, kowa ya shanye nasa ya mayar. Wanda ya ture shi ya ture zumunci. Tatay ya tsiyaya na farko a ƙasa don waɗanda ba a gani, ya zuba na biyu ya ɗaga.

"Ga shi nan!"

"A sha lafiya!" kowa ya amsa.

Ya sha. Kawu Berting ya sha ya buga teburi. Da ya zo kan Aling Pacita sai ta dafa ƙirji ta yi murmushi. "Ciwon suga, ku yafe ni." Nan da nan kawun ya ce ya ɗauke mata, ba wanda ya ce komai. Wa zai ja da shugabar makaranta? Nanay ta sha. Arnel ya sha yana yamutsa fuska, aka yi masa dariya. Ina ƙirga hannuwa, saura uku, saura biyu.

Tatay ya cika shi har baki ya dire a gabana.

"Tatay, cikina."

"Wane ciki? Wata uku kina min cikina, cikina. Shekara goma na ajiye miki wannan. Ku ba ku sani ba," ya juya ga baƙi, "duk lardin nan babu harshe irin na 'yata. Ita za ta faɗa mana ko ta nuna."

Al'adar tana da sassauci ga mata. In mace ba za ta sha ba, sai ta taɓa leɓenta kawai, wani namiji ya ce ya ɗauke mata sauran. Arnel, bawan Allah, ya matso yana murmushi.

"Taɓa leɓe kawai, masoyiya. Ni zan ɗauke miki."

Yana ganin ya cece ni. Bai san a wurina babu taɓa leɓe ba. Mang Doroy yakan ce ba tambulan na goma ke kashe mu ba, ɗigon farko ne. Na san in ta taɓa harshena, kafin rana ta faɗi ina bayan rumfar da Tatay ke dafa giya da gora a hannu.

Nanay ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin leshi. Na ɗaga ido na kalli mutum ɗaya tak a teburin da ta san abin da ke gabana. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta ce, "Ku ƙyale yarinya," magana ta mutu, don ita ce babbar baƙuwa. Na roƙe ta da idona. Ate Cita, ke ce kika ce in kai faɗuwar rana.

Ta gyara zaman gicciyenta ta ce, "Sha mana, 'yata. Ai al'ada ce."

Wallahi da mari ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Na ɗauki tambulan ɗin, ya ɗan zuba a hannun rigata. Na kawo shi daidai haɓata. Ƙamshin zabibin ya shige min hanci. Sai na mayar da shi kan teburi, na miƙe tsaye, don ban san wata hanyar faɗinsa ba sai wadda aka koya min.

"Sunana Noemi. Ni mashayiya ce. Yau kwanana casa'in da huɗu ban sha ba, kuma ba zan taɓa leɓe ba."

Na saba in na faɗi haka a amsa min. Tsakar gidanmu ta yi tsit, sai kukan kaji. Na kalli bakin Aling Pacita. Na rantse muku leɓunanta sun motsa, sun yi siffar "sannu", amma sauti bai fito ba.

Kawu Berting ya yi tari. Tatay ya kalli tulu, ya kalle ni, ya zauna daɓas. Nanay ta fara dariyar da ba dariya ba. "Wasa take yi! Yarinyar nan akwai barkwanci!"

"Noemi," in ji Arnel a hankali, "tun yaushe?"

"Tun kafin ka san ni."

"Shekara biyu ina zuwa gidan nan."

"Na sani."

Aling Pacita ta naɗe hankicinta gida huɗu ta sa a jaka. Ta miƙe, ta yi wa Tatay godiyar karɓar baƙi da muryar taron iyayen yara, sannan ta ce, "Maganar Mayu sai a dakata tukuna. Ba na ƙin yarinyar, ta yi jarumta. Amma ni uwa ce. Macen da ke sha ba a miƙa mata jariri."

Ita ta faɗi haka! Tana tsaye, ɗanta na gefenta da tabon a girarsa. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Maganar ta zo min har bakin haƙora, na ji ɗacinta. Na tuna kofin gahawar farko da abin da ta ce lokacin da ta miƙo min shi. Na haɗiye.

Suka tattara kwanukansu. Arnel ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai dawo, uwarsa ta kira sunansa sau ɗaya, ya bi ta. Nanay ta cire min 'yan kunnenta da kanta, ba a hankali ba. "Da kin taɓa leɓe da yanzu kina da miji," ta ce, ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Tatay ya miƙe. Ya ɗauki wuƙarsa ya hau bishiya, alhali ba lokacin hawa ba ne.

Aka bar ni da teburi da tambulan cike. Na daɗe ina kallonsa, ba zan yi muku ƙarya ba. Daga baya na ɗauka na tsiyaye shi a gindin mangwaro, inda Tatay ya zuba na farko.

Wajen ƙarfe biyar saƙo biyu suka shigo kusan a tare. Na farko daga Ate Cita:

"Na san ba za ki sha ba. Gara ya ji daga bakinki. Gobe casa'in da biyar. Asabar ke ce da dafa gahawa, kada ki makara."

Na karanta shi sau goma. Ta sani? In da na sha fa? Da ta zauna da gicciyenta tana kallona ina haɗiyewa, ta koma gida da ɗanta hankali kwance. Ta kowace hanya ita ta ci.

Na biyu daga Arnel:

"Ban ce na fasa ba. Kaina ne ya kulle. Nanay ɗina ta ce irin wannan ba ya warkewa, wai ta ga da yawa a iyayen ɗalibanta. Ki faɗa min gaskiya, kin taɓa ganin mace ɗaya da ta daina ta zauna lafiya? Ɗaya tak, Noemi. Ki ba ni sunanta in je in gan ta da idona."

Ina da sunan. Shekararta tara, tana shan gahawarta da sukari cokali biyu duk da ciwon sugan da take faɗa, kuma ita ta dafa masa abincin da zai ci yau. In na ba shi, na samu mijina, na kuma rushe ɗakin da ya riƙe ni da rai, don ba wanda zai ƙara buɗe baki a gaban Noemi. In na hana shi, uwarsa ta yi gaskiya.

Na rubuta masa, "Tambayi Nanay ɗinka inda take zuwa duk Asabar." Tun jiya saƙon yana nan a akwatin rubutu, ban tura ba, ban goge ba. Yau kwanana casa'in da biyar, kuma da safen nan na sayo garin gahawar Asabar na ajiye a jakata.

To, masu ba ni haƙuri, ina sauraronku.